Kurakuran da Ke Sandarar da Gwiwa Bayan An Sauya Ta

Aikin sauya gwiwa bai cika wuce awa biyu a ɗakin tiyata ba. Likita zai kankare bakin ƙasusuwan da guringuntsinsu ya cinye, ya lulluɓe su da ƙarfe, ya sa roba mai tauri a tsakani, ya ɗinke. Bayan 'yan kwanaki sai a sallamo mutum, ya faɗa hannun iyalin da jinyar karaya kawai suka sani: a kwanta, kar a motsa, a gasa, a shafa. To, a nan babu ƙashin da ake jira ya haɗe. Yawanci da simintin ƙashi ake liƙa ƙarfen, shi ya sa ake tayar da majinyaci ya taka tun ranar aikin ko washegari.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne hutun da ya wuce kima, kuma tausayi ne ke jawo shi. Tsohuwa za ta fara jan diddigenta a kan gado, ta ɗan yamutsa fuska, sai ɗanta ya tare: "Inna, don Allah bari haka nan, kar ɗinkin ya ɓalle." Motsin da likitan fisiyo, wato mai koyar da motsa gaɓoɓi, ya koyar ba ya ɓalle ɗinki. Abin tsoron yana ciki, inda jiki ke saƙa tabo kewaye da sabuwar gaɓar. A makonnin farko tabon na da laushi, yana bin motsi. Zuwa wata na uku ya fara tauri. Majeman Sakkwato sun san fatar da aka bari ta bushe a naɗe, sai an sha wuya take buɗuwa.

Da digiri ake auna lanƙwasawar gwiwa. Tafiya a fili na buƙatar wajen digiri 65, tashi daga kujera da hawan matakala wajen 90. Yawancin likitoci na son a kai 90 cikin mako biyu zuwa uku, a kusanci 110 zuwa 120 kafin wata uku ya cika. Ba sai da na'ura ba. A kwanta rigingine, a sa leda ƙarƙashin diddige don ya yi santsi a kan zanin gado, a rataya gyale ko rawani a tafin ƙafa, a janyo a hankali har a ji gwiwar ta ɗaure, a riƙe na daƙiƙa biyar zuwa goma, a saki. Sau goma a zama ɗaya, zama uku ko huɗu a yini. Wanda ya ɗaura abin da lokutan salla ba ya mantawa. Ko masu dubiya sun cika ɗaki, a yi a gabansu. Zaman awa uku ana amsa "ya jiki" da ƙafa a rataye kumburi kawai yake ƙarawa.

Sai matashin kai da ake cusawa ƙarƙashin gwiwa. Daɗi gare shi, babu musu, domin ƙafar da ta ɗan lanƙwashe ta fi rashin zogi. Amma in ta saba kwana a haka za ta ƙi miƙewa sarai, kuma gwiwar da ba ta miƙewa ta fi wadda ba ta lanƙwasuwa wuyar gyara: mutum zai riƙa ɗingishi, cinya ta riƙa gajiya ko a tsaye yake. A mayar da matashin ƙarƙashin diddige, a bar bayan gwiwa babu abin tallafi na minti biyar zuwa goma, a matse tsokar cinya kamar ana danna gwiwar cikin katifa.

Maganin ciwo kuwa, mutanenmu sun kasu biyu. Akwai masu jarumta, waɗanda ke ganin shan ƙwaya raki ne, sai ciwon ya hana su motsa ƙafar. Ga waɗannan, a sha abin da likita ya rubuta kamar rabin awa kafin motsa jiki. Akwai kuma masu aika yaro kemis ya haɗo musu "na ciwon jiki", a zo da diclofenac da ibuprofen a ƙulli ɗaya, wani lokaci har da tramadol. Biyun farko dangi ɗaya ne. Haɗa su na jawo gyambon ciki da lahani ga ƙoda, ballantana ga dattijo mai hawan jini ko ciwon suga, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, jiki na zubar da ruwa. In kuma ana shan maganin tsinka jini mai hana shi yin guda, wanda ake bayarwa na kamar mako biyu ko fiye bayan aikin, haɗarin zubar jini ya ƙaru. Farasitamol ɗin ma kada ya wuce giram 4 a yini.

Gwiwar da aka yi wa aiki kan yi ɗumi ta kumbura na watanni, sai gida ya yanke hukuncin cewa sanyi ne ya shige ta, a ɗora ruwa a wuta. Gashi da ruwan zafi a makonnin farko ƙara kumburi yake, kuma fatar da ke gefen tabon ta waje takan mutu da ji saboda ƙananan jijiyoyin da aka yanka, har mutum ya ƙone bai sani ba. Sanyi ake so. Ledar fiya wata biyu da suka daskare, a naɗe su a tawul, a ɗora minti 15 zuwa 20, ƙafa a ɗage sama da ƙirji. In babu wuta, masu sayar da ƙanƙara na nan. Ɗumi na da ranarsa: can bayan rauni ya warke kuma kumburi ya sauka, musamman da asubahin hunturu da gaɓa ke ƙagewa, tawul mai ɗumi kafin motsa jiki na sassauta ta. Man zafi kada ya kusanci ɗinki. Maɗori kuma, duk iyawarsa a kan targaɗe, ba shi da abin gyarawa a ƙarfe da roba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanzami. Tsaga ko ƙaho a kan wannan gwiwar ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma in suka manne a jikin ƙarfe magani kaɗai bai cika fitar da su ba, sau da yawa sai an sake buɗewa, wani lokaci a cire ƙarfen gaba ɗaya.

Akwai masu gaggawa ma. Alhaji ya ji sauƙi a mako na uku, ya jefar da sanda, ya haye kabu-kabu zuwa kasuwa, ya dawo da ƙafa kamar ta fashe. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ciwo da kumburi suka kwana har washegari, aikin jiya ya yi yawa, a rage amma kar a tsaya. Babur dai a haƙura da shi tukuna, faɗuwa ɗaya na iya karya ƙashin da ke riƙe da ƙarfen. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta. A matakala, lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, wadda aka yi wa aikin ke fara sauka.

Inda abin ya fi taɓa zuciya shi ne salla. Rayuwarmu a ƙasa take: tabarma, masai na tsuguno, kujerar tsakar gida, zaman tahiya. Zama a kan diddige na buƙatar gwiwa ta naɗe kusan digiri 150, alhali yawancin gwiwoyin da aka sauya a tsakanin 110 da 125 suke tsayawa. Dattijo ya ga sa'o'insa a sahu, ya ji kunyar kujera, ya tilasta wa kansa sujada a wata na biyu, tashi ya gagara. Addini bai ɗora masa wannan ba. A hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Wasu kan iya durƙuso a kan abu mai laushi bayan watanni, wasu har abada ba sa jin daɗinsa. Likitan da ya yi aikin ne zai ce yaushe za a gwada. Kujerar sallar ta zama mai tudu, mai hannu. Masai kuma a samu kujerar bahaya ta marasa lafiya, ko kafinta ya huda kujerar katako mai ƙwari a ɗora a kan ramin.

Ciwon da ya ƙi tafiya fa? Zogin dare a wata biyu ko uku na farko, ƙarar ƙas-ƙas in ana tafiya, ɗumi, ƙagewa bayan dogon zama, duk an saba ganinsu, kuma sauƙi kan ci gaba da samuwa har shekara guda. Duk da haka, kusan mutum ɗaya cikin biyar kan ci gaba da jin ciwo bayan watanni, kuma kuskure ne a rufe maganar da "sai haƙuri". Dalilin na iya zama raunin tsokar cinya, ko jijiyar da ta harzuƙa, ko ƙarfe da ya saki, ko ƙwayar cuta mai aiki a ɓoye, ko ma ciwon daga ƙugu ko baya yake saukowa. Hoton ƙashi da gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna alamar kumburi a jiki, ne matakin farko, wani lokaci a zuƙi ruwan gwiwar a auna. Kar a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis kafin wannan gwajin, yakan ɓoye cutar. Kar kuma a yarda kowa ya yi allura cikin gaɓar in ba likitan ƙashi ba.

Wasu alamun ba sa jiran ranar asibiti: zazzaɓi, ja da ke yaɗuwa, ruwa ko mugunya daga ɗinki, sha-raɓa da ta kumbura tana ciwo, ƙafar da ta kasa ɗaukar jiki kwatsam. Haki ko ciwon ƙirji kuwa na iya nufin gudan jini ya tafi huhu, ko tsakar dare ne a tafi sashen gaggawa.

In mako shida ya wuce gwiwa ba ta kai digiri 90 ba, a koma wurin likita a lokacin, kar a ce sai bayan Salla. Akwai aikin da ake sa mutum barci a lanƙwasa gaɓar don tsinka tabon ba tare da yanka ba, kuma ya fi cin nasara cikin wata ukun farko. Mutanen Sakkwato da suka yi aikinsu a Indiya ko Masar ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano na iya yin sakaci da wannan bibiyar, don likitansu ya yi nisa. Su nemi likitan ƙashi da na fisiyo a gida tun makon da suka dawo, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙashi na Wamakko, su tafi da takardar sallama, da hotunan da aka ɗauka bayan aikin, da takardar da ke nuna sunan ƙarfen da aka sa da lambarsa.