Yadda Ake Bi da Ƙurar da Ta Shiga Cikin Idon Kyamara

Duk wanda ya taɓa haska tocila a cikin idon kyamararsa, wato bututun gilasan da ake ɗaurawa a gabanta, ya san faɗuwar gaban da ke biyo baya, domin gilashin da yake gani tas da rana sai ya bayyana cike da ɗige-ɗigen ƙura, a can ciki inda tsumma ba ya kaiwa. Kafin a ɗauko sukundireba, ya kamata a san cewa da wuya a sami idon kyamarar da ya tsira daga wannan, ko da sabo ne fil daga kwali. A cikinsa akwai jerin gilasai, a wasu har 15 ko 20, kuma duk lokacin da aka murɗa shi don zuƙo abu ko saita gani, wasunsu suna matsawa gaba da baya. Wannan motsi yana jan iska yana fitar da ita kamar zuga-zugin maƙeri, iskar kuwa da ƙurarta take shiga. Irin wanda ke ƙara tsawo idan an zuƙo ya fi shaƙar ƙura a kan wanda gilasansa ke motsi a ciki ba tare da tsawonsa ya canza ba.

Abu na farko shi ne a gano ko ƙurar tana ɓata hoto, domin galibi ba ta yi. Hasken da ke fitowa daga kowane ɗigo na abin da ake ɗauka yana ratsa faɗin gilashin ne kafin ya sake haɗuwa a kan sensa, wato faifan da ke cikin kyamara wanda hoto ke sauka a kansa, saboda haka ƙwayar ƙura ba ta tare komai sai ɗan mitsitsin kaso daga cikinsa. Baƙin tabon da mutane ke gani a sararin samaniya a hotunansu, su ɗora wa idon kyamara laifi, kusan kullum a kan sensa yake zaune.

Gwajin ba shi da wuya. A matse ƙofar haske, wato kafar da haske ke bi a cikin idon, zuwa lamba f/16 ko f/22 a saitin kyamara, a fuskanci farin bango ko sararin sama mara gajimare, a kawar da saitin gani da gangan har bangon ya dushe, sannan a ɗauki hoto. Daga nan a sauya idon da wani, a maimaita, a buɗe hotunan biyu a kwamfuta a faɗaɗa su. Idan tabon ya tsaya a wuri guda a duka biyun, sensa ce ke buƙatar shara. A tuna cewa hoto a kife yake sauka a kanta, don haka tabon da ya fito a saman hoto a ƙasan sensar za a neme shi. Idan kuwa ya ɓace da aka sauya ido, a fara duba gilashin baya, wanda ke kusa da jikin kyamara, domin dattin da ke kansa ya fi na gaba saurin fitowa, musamman a idanu masu ɗaukar fili mai faɗi. Wuri ɗaya da ƙurar ciki kan nuna kanta shi ne a cikin da'irorin hasken fitilun da suka dushe a bayan hoton dare, inda ake ganinta kamar ƙananan ɗigo.

Abin da ya cancanci damuwa shi ne wanda ya yi kama da ƙura alhali ba ita ba ce. A buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, a haska tocila ta baya a karkace, a leƙa ta gaba. Ƙura ɗige-ɗige ce a warwatse. Fumfuna kuwa zare-zare take yi kamar saƙar gizo-gizo, sau da yawa daga gefen gilashi take farowa tana rarrafowa tsakiya, kuma tunda abu ce mai rai, tana iya cinye siririn shafen da ke kan gilashin ta bar tabon da ba ya gogewa. Akwai kuma hazo, wani fari-fari da ke lulluɓe gilashi, wanda sau da yawa tururin man da ke cikin idon ne ke haddasa shi, yana sa hoto ya yi fari-fat idan an fuskanci haske. Waɗannan biyun ba a jinkiri da su, wurin mai gyara ake nufa.

Ni dai ba na ba kowa shawarar buɗe idon kyamara na zamani a gida saboda ƙura kawai. A masana'anta ake daidaita zaman gilasan, wani lokaci da siraran zobba waɗanda ba su kai kaurin takarda ba, kuma idan ɗaya ya goce sai gefe guda na hoto ya daina fita sarai. Ga siraran wayoyi masu tsinkewa da ɗan ja kaɗan, ga garanti da ke faɗuwa, sannan ɗakin da aka buɗe shi a ciki ma da tasa ƙurar. Ba ƙaramin abin takaici ba ne mutum ya lalata ido mai lafiya a kan ɗigon da bai taɓa fitowa a hotonsa ba.

Aikin da ke hannun mai kyamara a waje yake. A fara da 'yar robar hura iska, gilashi na kallon ƙasa, sai buroshi mai laushi, sannan tsumman goge gilashi da aka ɗiga wa ruwan gogewa, a murza a hankali daga tsakiya zuwa gefe. A kan tsumman ake ɗiga ruwan, domin idan aka zuba a kan gilashi yana iya gangarawa ciki. Gogewa kafin hurawa tana jan ƙwayar yashi ta karce gilashin. Kada a hura da baki, kuma a guji iskar gwangwani, wadda ke iya feso ruwa mai sanyi ko ta tura ƙurar can ciki.

Bayan aiki a wuri mai ƙura, a share jikin idon tun yana miƙe kafin a mayar da shi, don kada ya haɗiye abin da ya maƙale masa. Wajen sauya ido, a kashe kyamara, a juya wa iska baya, a kifar da bakinta ƙasa, a rufe bayan wanda aka cire nan take. Wasu idanun da aka yi wa kariyar ƙura da ruwa, irin su Canon EF 17-40mm f/4L, kariyarsu ba ta cika sai an ɗaura filta, wato ƙarin faifan gilashi, a gaba.

Wajen ajiya, danshi ya fi ƙura haɗari, domin fumfuna tana samun wurin zama idan ya daɗe sama da kashi 60 cikin 100, musamman a cikin jaka mai duhu da iska ba ta shiga. A ajiye kayan a akwati mai rufuwa ruf, tare da ƙunshin silika mai tsotse danshi da ƙaramin ma'aunin danshi, a riƙe danshin tsakanin kashi 40 zuwa 50. Silikar tana ƙoshi da ruwa ta daina aiki, saboda haka da zarar ma'aunin ya fara hawa sai a busar da ita ko a sauya ta.