Daga Katsina zuwa Bahar Maliya: yadda ake nutso da tukunyar iska a kan duwatsun murjani

Mutumin Katsina ko Daura da ke son ganin murjani da ransa a ƙarƙashin teku ba a gaɓar Legas zai same shi ba. Kogin Kwara da sauran kogunan kudu suna kwarara ruwan daɗi da laka cikin teku, shi kuwa murjani ruwan gishiri yake so, mai ɗumi, garau, wanda hasken rana ke ratsawa. Inda ya fi mana sauƙin zuwa shi ne Bahar Maliya, ta ɓangaren Masar ko ta Jidda da Yanbu a Saudiyya, sai kuma Zanzibar da tsibirin Mafia a Tanzaniya. Sudan na da wurare masu kyau irin su Sanganeb, amma tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 ba wurin yawon buɗe ido ba ne.

Rabin shirin a gida ake yin sa, kuma asibiti ne zangon farko. Ka san rukunin jininka. Mai sikila ba ya nutso da tukunyar iska, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahalar motsi na iya tayar masa da ciwon yana can ƙasan ruwa. Mai AS ya fara jin ta bakin likitan da ya san harkar nutso. Mai farfaɗiya, da mace mai juna biyu, da wanda huhunsa ya taɓa sacewa, su haƙura. Mai asma, ciwon zuciya, hawan jini ko ciwon suga sai da takardar likita. Makarantun nutso suna ba da fom na lafiya, kuma akwai masu rubuta "a'a" a kowane layi don kada a hana su shiga ruwa. Wanda ya yi haka kansa ya cuta.

Sai iyo. Kafin a ba ka shaidar matakin farko za a sa ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, sannan ka tsaya a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Ba a duba sauri. Ka koya a wurin iyo na otal mai ruwa tsaftatacce da mai tsaro a gefe. Kada ka ce za ka gwada a madatsar Zobe ko Ajiwa ko Sabke, balle kududdufin damina: ba a ganin ƙasa, ga laka mai riƙe ƙafa, ga tsargiya.

Kwas ɗin farko a makarantun da ke ƙarƙashin PADI ko SSI, ƙungiyoyin da ke ba da shaidar nutso, kwana uku zuwa huɗu yake ci: karatu, atisaye a ruwa mara zurfi, sannan nutso huɗu a teku. Shaidar tana ba ka damar kaiwa mita 18. Mataki na gaba mita 30 ne, iyakar nutson shaƙatawa kuwa mita 40. Mata na iya neman malama mace, kuma rigar robar da ake nutso da ita tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, har da hularta. Ka tambayi makarantar ko suna ɗaukar tukunyar oksijin ta gaggawa a jirginsu, da kuma inda ɗakin matsin iska na jinya mafi kusa yake. Akwai irinsa a Sharm el-Sheikh da Hurghada. In suka yi ta kame-kame, nemi wata makarantar.

Abin da ke kashe masu nutso ba kifin shak ba ne, iska ce da matsin ruwa, don haka nan ya kamata a natsu. Ana auna matsi da ma'aunin da ake kira ba (bar a Turance). A saman ruwa matsin da ke kanka ba 1 ne. Duk mita 10 da ka sauka ana ƙara ba 1: a mita 10 ya zama 2, a mita 20 ya zama 3, a mita 30 ya zama 4. Iskar da ka shaƙa a mita 10, in ka riƙe ta ka hau sama, girmanta zai ninka, huhu kuwa ba shi da wurin ajiye ta. Zai tsage, kumfar iska ta shiga jini ta nufi ƙwaƙwalwa. Wannan na iya faruwa ko a mita biyu. Doka ta farko ke nan: muddin regileta, abin da kake shaƙar iskar tukunya ta cikinsa, na bakinka, ba ka riƙe numfashi. In ya fita daga bakin, ka riƙa fitar da 'yan kumfa a hankali har ka mai da shi.

Kunne shi ke fara kuka. Tun kana saman ruwa ka toshe hanci da yatsu biyu ka hura a hankali har ka ji kunnuwa sun buɗe, ka maimaita a duk mita ɗaya kafin zafi ya zo. In ya ƙi, hau sama kaɗan ka sake gwadawa, ko ka haɗiye yawu kana motsa muƙamuƙi. Hurawa da ƙarfi na fasa dodon kunne. Mutanenmu da ke tafiya lokacin hunturu sukan isa da mura da toshewar hanci saboda ƙura, su sha maganin buɗe hanci su shiga ruwa. Maganin kan sake su suna ƙasa, hanyar ta sake toshewa, iskar da ke cikin kunne ta rasa mafita wajen hawowa. Mai mura ya zauna a jirgi.

Tukunyar da aka fi ba ɗalibai tana cin lita 11 ko 12, ana cika ta zuwa ba 200. Iska ce irin wadda muke shaƙa, ba oksijin zalla ba. A tukunya mai lita 12 kana da lita 2,400. Ba 50 na ƙarshe, wato lita 600, ajiya ce da ba a taɓawa, saura 1,800. Sabon shiga na shan kamar lita 20 a minti a sama. A mita 20 zai sha ninki uku, lita 60, wato minti 30 ke gare shi. Wanda ya firgita yana haki zai cinye ta tun kafin nan. Ka duba geji, mai nuna iskar da ta rage a tukunya, duk bayan 'yan mintoci, ka sanar da jagora in ka kai ba 100. Kafin shiga ruwa ka shaƙi iskar ka ji: in tana warin mai ko hayaƙi, a sauya tukunya, domin hayaƙin injin cikawa guba ne da ke ƙaruwa da zurfi.

Darmar da ake ɗaurawa a ƙugu ita ma da gwajinta. Ka fitar da duk iskar rigar iska, wato rigar da ake hura wa iska don ta ɗaga ka a ruwa, ka ja numfashi daidai ka riƙe kana saman ruwa. In nauyin ya yi, ruwa zai tsaya maka daidai ido, in ka fitar da numfashi ka fara nitsewa a hankali. Iskar cikakkiyar tukunya ta kusa kilo 3, saboda haka a ƙarshen nutso za ka fi sauƙi, sai a ƙara kamar kilo 2 tun farko. Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, tana ɗaga mutum, nauyin da ya ishe ka a Zanzibar ba lallai ya ishe ka a Jidda ba. Rigar roba mai kaurin milimita 3 ta isa lokacin zafi, amma a arewacin Bahar Maliya ruwa kan sauka zuwa digiri 21 ko 22 a Janairu da Fabrairu, sai mai milimita 5 ko fiye.

Mai gashin baki ya rage layin da ke ƙarƙashin hanci, don nan ne robar gilashin fuska ke zama, in ba haka ba ruwa zai yi ta tsiyaya ciki. Sabon gilashi a goge cikinsa da makilin, sannan kafin kowane nutso a shafa yawu a ɗauraye, ba zai yi hazo ba. Alamar hannu ɗaya kuma ke rikita mutane: ɗaga babban yatsa ba ya nufin lafiya lau, yana nufin mu hau sama. Lafiya lau shi ne haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe.

Sabon shiga ya fara da wuraren da ke da rairayi a ƙasa da ruwa kwance, irin na kusa da Hurghada, ko gaɓar Lighthouse a Dahab, ko Abu Dabbab kusa da Marsa Alam, inda manyan kunkurun teku ke kiwo a ciyawar ƙasan ruwa, wani lokaci har da ayun teku. Ras Mohammed, wanda Masar ta mai da gandun da ake karewa a 1983, bango ne na murjani da ke gangarawa ɗaruruwan mitoci, ga igiyar ruwa mai jan mutum, sai wanda ya iya tsayar da kansa a tsakiyar ruwa. Jirgin Thistlegorm na Birtaniya, wanda jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a 1941, yana kwance a kusan mita 30 da babura da motoci a cikinsa, sai mai shaidar mataki na biyu. Ƙofar dutsen da ke ramin Blue Hole a Dahab ta wuce mita 50, ta ci rayuka da yawa, kada kowa ya zuga ka. A Zanzibar ana zuwa kewayen tsibirin Mnemba.

Murjani dabba ce, ƙananan halittu ne da ke gina gidan farar ƙasa, wasu nau'o'in ba sa ƙara fiye da santimita ɗaya a shekara. Bugu ɗaya da takalmin iyo na karya aikin shekaru. Ka naɗe hannuwa a ƙirji, ka kwanta a miƙe, ka maƙale geji da regileta na biyu kada su ja ƙasa. Ba a ɗauko ko ɓallin da ya mutu, dokar Masar ta hana. Jan launi na ɓacewa tun wajen mita 5, don haka ƙaramar tocila ce ke nuna maka ainihin kalar abin da kake kallo.

Yawancin rauni daga taɓawa yake zuwa. Murjanin wuta, mai ruwan ɗorawa da fararen baki, yana ƙuna: a wanke da ruwan teku, ba ruwan daɗi ba, a zuba binega. Kifin dutse na kwance kamar dutse mai gansakuka da ƙayoyi masu dafi a baya, kifin zaki kuma na shawagi da fukafukai a buɗe. In ɗayansu ya soke ka, a tsoma wurin a ruwan zafi kamar digiri 45 na minti 30 zuwa 90, a wuce asibiti. Kada ka cusa hannu a rami, can macijin kifi mai haƙora ke zama, kada kuma ka ɗauki dodon koɗi mai siffar mazurari. Akwai wani ƙaton kifi mai kaurin haƙora da ke gadin ƙwansa a rairayi. Yankin da yake karewa na faɗaɗa ne zuwa sama, saboda haka in ya taso maka, yi gefe kana fuskantarsa, kada ka yi sama.

Hawowa ita ce ta fi son haƙuri. Duk zamanka a ƙasa naitirojin na narkewa cikin jini. In ka hau da sauri sai ya yi kumfa, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. A jadawalin PADI iyakar zama a mita 18 minti 56 ne, a mita 30 kuwa minti 20. Ka hau da kamar mita 9 a minti, ka bi kwamfutar nutso da ke hannunka, mai nuna zurfi da lokaci, kana sakin iskar riga kaɗan-kaɗan, ka tsaya a mita 5 na minti 3. Ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin, shi ya sa ya fi kyau a tsara tafiyar ba cikin azumi ba.

Bayan nutso ɗaya a jira awa 12 kafin hawa jirgin sama, bayan nutso da yawa aƙalla awa 18, masu taka-tsantsan kuwa kwana guda suke bari. Hawa tudu ma haka yake: wanda ya yi nutso a Jidda kada ya kama hanyar Ɗa'ifa a ranar, garin ya haura mita 1,500, haka nan hawa Dutsen Sinai daga Dahab. In ciwon gaɓoɓi, ko gajiya mai tsanani, ko jiri, ko mutuwar hannu ko ƙafa suka biyo baya, a kwantar da mutum, a ba shi oksijin zalla, a kai shi ɗakin matsin iska. Kada a mai da shi ruwa da sunan magani. In kuwa sai da ka sauka Kano ko Katsina alamun suka fito, ka gaya wa likita tun a ƙofa cewa ka yi nutso da tukunyar iska, ka faɗi zurfin da ranar da lokacin da ka hau jirgin sama, domin cikin sauƙi za a ɗauke shi zazzaɓin cizon sauro ko shanyewar ɓarin jiki. Ka yi inshorar nutso kafin tafiya, irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ka ajiye lambarsu ta gaggawa a wayarka da kuma ta wanda ya raka ka.