Awon potasiyom a fitsari, kurakuran da ke sa a maimaita analiz

Jama'a in lokotoro ya rubuta maka awon potasiyom na fitsari (wani sinadari ne na jiki da ake samu daga abinci), galibi fitsarin awa 24 yake so, kuma yawancin ɓarnar a gida ake yinta tun kafin bidon ɗin da ake tara fitsarin ya isa labo.

Fitsarin asuba shi ke rikita mutane. Na farko ba'a zuba shi a bidon, zubarwa ake yi, ka duba agogo ka rubuta lokacin, in ƙarfe 6 ne to daga nan duk wanda ya zo sai cikin bidon har ƙarfe 6 na gobe, shi kuma na goben dole ya shiga. Wasu su haɗa duka biyun, wasu su zubar da duka biyun.

Sai mai fita kasuwa, yana Katako fitsari ya matsa shi ya tsuguna bayan bango yace ai sau ɗaya ne. Wlh sau ɗayan nan ba wasa bane, don a labo yawan potasiyom ɗin cikin lita suke ninkawa da yawan fitsarin gaba ɗaya. Babban mutum yakan fitar da kamar mmol 25 zuwa 125 a rana (mmol shi ne ma'aunin da labo ke auna potasiyom dashi), ya danganta da abin da yake ci. In potasiyom ɗin jininka yayi ƙasa kuma na fitsari bai kai 20 ba, lokotoro zai fi zargin hanji irin gudawa, in kuwa yayi yawa to ƙoda ce ke zubar dashi, kaga fitsarin da ka bari a bango zai iya juya binciken wani wuri dabam. In ya kuɓuce kawai ka faɗa a sake, ba abin kunya bane. In zaka bayan gida kuma fara yin fitsarin a bidon tukunna.

Akwai masu ɗebo kaɗan a robar ruwa su zubar da sauran wai kunyar ɗaukar bidon akan kabu-kabu, sa shi a leda baƙa mana. Kuma dan Allah a bar bidon ɗin mai ko na omo, a karɓi na labo. Zafin Yamai a watan Afrilu ya wuce digiri 40, a aje bidon a firigo ko a roba da ƙanƙara in an ɗauke wuta.

Magani ma, Lasilix yana ƙara potasiyom a fitsari, Aldactone yana rage shi, a faɗa ma lokotoro har jiƙe-jiƙen gargajiya, amma kar ka tsaida maganin hawan jini da kanka. Abinci kaci yadda ka saba, ba ranar zaka cika ciki da dabino da ayaba da wake ba. Mace mai al'ada ko mai azumi su faɗa tun a wajen karɓar bidon, wataƙila a ɗaga ranar.