Yadda za ka haɗa Alƙahira, Luksor da Aswan a tafiya ɗaya

Fara da zaɓen lokaci. Ni shawarata a tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin da bazara zafin kudancin Masar yakan haura digiri 40, kuma kusan duk abin kallon a fili yake, babu inuwa. Kafin ka sayi tikiti, kammala maganar biza, ka ajiye katin rigakafin shawara a cikin fasfonka.

Garuruwan uku a jere suke a bakin Kogin Nilu, saboda haka bi su daga arewa zuwa kudu, kada ka riƙa kai da komo. Ba Alƙahira kwana uku: safiya guda ga dalar Giza, yini guda ga Masallacin Azhar da kasuwar Khan Khalili da ke daura da shi. Cunkoson motocin birnin yana cin lokaci sosai, wuri biyu a rana ya isa.

Daga nan hau jirgin ƙasa na dare zuwa Luksor, ka huta da biyan kuɗin otal na daren. A Luksor ne nake roƙon mutane su natsu. Kwarin Sarakuna, inda kaburburan fir'aunoni suke, yana yamma da kogi, je ka da sassafe kafin rana ta take. Haikalin Karnak yana gabas, bar shi sai la'asar.

Daga Luksor, Aswan tafiyar kamar awa uku ce a jirgin ƙasa. Masu zuwa Abu Simbel, wurin tsoffin haikalan da aka sassaƙa a jikin dutse, tun kafin asuba suke tashi daga Aswan, don akwai nisa, wajen kilomita 280.

Komawa Alƙahira kuwa, hau jirgin sama, ka bar kwana ɗaya tsakaninsa da jirginka na gida.