Yadda Ake Haɗa Maganin Ƙwari Daga 'Ya'yan Darbejiya

Da wuya a shiga wani ƙauye a Kano ko Jigawa a rasa bishiyar darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, amma yawancin manoma inuwarta kawai suke mora, 'ya'yanta kuwa su zube a share su da shara. Alhali a ƙwallon waɗannan 'ya'yan ne sinadarin azadiraktin ya fi yawa, wanda ke hana ƙwaro cin ganye, ya kuma hana tsutsa yin saɓa balle ta girma ta hayayyafa. Ganyen ma yana ɗauke da shi, sai dai bai kai ƙwallon ƙarfi ba ko kusa.

Aikin yana farawa ne tun kafin ƙwari su bayyana. A tsinci 'ya'yan da suka nuna suka koma ruwan ɗorawa, a murje naman, a wanke, sannan a shanya a inuwa mai iska har su bushe sarai. A adana su a kwando ko buhun algarara, domin leda tana tara gumi ta sa su yi fumfuna, wanda kuwa ya yi fumfuna zubar da shi ake yi.

Ana gobe za a yi feshi, sai a fasa ƙwallayen, a sheƙe ɓawon, a daka ƙwayar ta yi laushi. Rabin kilo na garin ake jiƙawa a lita 10 na ruwa, wato kilo guda ke nan ga mai tankin goyo na lita 20. A bar shi ya kwana, washegari a tace da ƙyalle mai laushi har sau biyu don kada tsaki ya toshe bakin famfo, sannan a narkar da ɗan guntun sabulun wanki a ciki, saboda shi ke sa ruwan ya kama jikin ganye. A ƙarar da shi a ranar, domin ba ya jure ajiya. Wasu na ƙara dakakken barkono da tafarnuwa, kuma babu laifi, muddin an fara gwadawa a kan 'yan shuke-shuke an ga bai ƙona ganye ba.

Lokacin feshi shi ne inda mutane da dama ke yin asarar wahalarsu. Hasken rana yana kashe ƙarfin sinadarin cikin 'yan kwanaki, don haka bayan la'asar ake fesawa, lokacin da zafi ya sauka, ƙudan zuma ma sun rage yawo. A karkatar da bakin famfon zuwa bayan ganye, inda darɓa da farin ƙuda ke maƙalewa, a masara kuwa a zuba cikin tsakiyar kai inda sabon ganye ke fitowa, nan ne maɓoyar tsutsar masara da ake kira fall armyworm da Turanci, wadda aka fara gani a Najeriya a 2016. Mai wake ya fara tun fure yana shirin fitowa. Ana maimaitawa duk bayan kwana 5 zuwa 7, idan kuma ruwan sama ya wanke sai a sake.

Wanda ya saba da maganin kanti zai leƙa gona da safe ya tarar da tsutsa tana motsi, ya ce aikin banza ne. Ba haka ba ne. Ta daina ci, kuma sai bayan 'yan kwanaki take mutuwa, saboda haka sabuwar ɓarna a jikin ganye ake dubawa, ba gawar ƙwaro ba. Sai dai a gaskiya darbejiya rigakafi ce. Idan annoba ta riga ta mamaye gona, irin tsutsar da ke shiga cikin ganyen tumatir wadda ta ɗaiɗaita gonakin Kadawa da Kura a 2016, ita kaɗai ba za ta wadatar ba, gara a nemi malamin gona na KNARDA ko JARDA, wato hukumomin raya aikin gona na jihohin Kano da Jigawa, da wuri.

Ganyen taba, ko da yake yana kashe ƙwari, ban ba da shawarar a yi amfani da shi ba, domin gubarsa tana shiga jikin mutum ta fata, kuma yana iya sa wa tumatir da barkono cuta. Ita ma darbejiya a ware mata turminta daban da na abinci, a nisanta ruwan daga yara, mai feshi ya rufe hanci da baki, musamman idan an sa barkono. Tuƙar da ta rage a ƙyalle a binne ta a gindin shuka, taki ce mai kyau.