Yadda malamin aji zai kare yaron da jikinsa ba ya jituwa da wani abinci ko dabba

A makarantun garuruwanmu na Sudan irin su Mai Wurno, Gadarif da Kasala, babu lokacin da ya kai na fatur, wato karin kumallo, haɗari ga yaron da ke da hasasiya, wato rashin jituwar jiki da wani abinci ko dabba, domin a nan ne yara suke zama rukuni-rukuni, kowa ya kwance abin da ya zo da shi, hannaye kuma su haɗu a kwano ɗaya. Ɗabi'a ce mai kyau wadda ba na fatan a kashe ta, amma wajibi ne malami ya san cewa abincin da aka fi ci a wannan zama yana cikin waɗanda suka fi tayar da ciwon. Gyaɗa tana cikin salatin dakwa da yajin agashe da ƙuli-ƙuli, riɗi kuwa, wanda Gadarif ta yi suna da nomansa, da shi ake yin tahniyyar da ake cusa wa yara a burodi. Bayan su akwai madara, ƙwai, kifi da alkama.

Aikin yana farawa tun ranar rajista. Iyaye da dama ba sa faɗa sai an tambaye su, saboda suna ɗaukar borin jini ƙaramin abu ne da zai lafa da kansa, don haka malam ya tambayi uba ko uwa kai tsaye ko akwai abin da yaron yake ci jikinsa ya yi rudu-rudu, ko leɓensa ya kumbura, ko numfashinsa ya sarƙe, kuma ko yana da asma, domin mai asma ya fi shiga haɗari. A rubuta amsar a takarda ɗaya tare da lambar wayar iyaye da maganin da likita ya bayar, a ajiye kwafi a aji, wani a ofishin shugaban makaranta. A sanar da duk malamin da zai riƙe ajin, haka ma mai sayar da abinci a bakin ƙofa.

A lokacin fatur yaron ya ci daga mazubinsa, amma ya zauna cikin abokansa, domin yaron da aka ware shi a lungu yakan fara ɓoye lalurarsa, ya karɓi abin da aka miƙa masa don kada a yi masa dariya. A koya wa ajin cewa "ɗanɗana ko kaɗan ne" ba alheri ba ne a wurinsa, tun da abin da bai kai rabin ƙwayar gyaɗa ba yana iya kwantar da shi. Bayan cin abinci kowa ya wanke hannu da ruwa da sabulu, a kuma goge benci. Man tsabtace hannu na kwalba yana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ya cire ragowar gyaɗa. Akwai kuma yaran da cin waken ful yake sa idonsu ya yi rawaya, fitsarinsu ya yi duhu. Wannan lalura ce ta jini da ake gado, dabam take da hasasiya, amma ita ma a rubuta ta, kuma tana buƙatar asibiti.

Batun dabba ya fi sauƙi. Abin da ke tayar da ciwon yana cikin yawun kyanwa da fatarta, yana manne wa tufafi, shi ya sa yaro zai iya yin atishawa da hawaye alhali babu kyanwa a ajin. A hana kyanwa kwana a aji, a toshe inda tattabaru suke sheƙa a rufi, a yayyafa ruwa kafin shara, mai asma kuma abin shaƙarsa ya kasance a jakarsa.

Idan yaro ya ci wani abu, sai murya ta dushe, harshe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya koma fito, ko ya yi ta amai jiri na ɗibarsa, to maganin farko shi ne allurar adrenalin a gefen cinya ta waje, nan take. Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaro, kuma jiran a ga ko zai yi aiki shi ne kuskuren da ya fi cin rai. Allurar da ke zuwa a shirye kamar biro tana da awo biyu da aka fi sani, miligiram 0.15 ga ƙaramin yaro da 0.3 ga wanda ya kai wajen kilo 30, kuma ana iya ƙara ta biyu bayan minti 5 idan babu sauƙi. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, idan numfashi ya yi wuya a zaunar da shi, amma kada a tsayar da shi, kada a sa shi tafiya, kada kuma a ɗura masa ruwa ko madara.

Irin wannan allura ba ta samuwa cikin sauƙi a kantunan maganinmu, saboda haka shugaban makaranta ya je tun da wuri ya tabbatar da wace cibiyar lafiya mafi kusa ce take da adrenalin, ya kuma riƙe lambar mai raksha, wato babur mai ƙafa uku, da zai zo da gaggawa. Inda aka samu allurar, a ajiye ta a inuwa cikin akwatin da ba a kulle ba, a riƙa duba ranar ƙarewarta da launin ruwanta, domin zafinmu yana lalata ta. Ko yaron ya warware bayan allura, a kai shi asibiti a sa masa ido na wasu sa'o'i, saboda ciwon yana iya dawowa karo na biyu.