Yadda na gyara ƙwaron fatsa mai kifewa a kan ruwa

Ƙwaron ƙarya na gashin tsuntsu da nake ɗaurawa a jikin ƙugiya don kamun kifin tirawut a kogin Beaverkill na jihar New York samfurin Adams ne, wanda Leonard Halladay ya ƙirƙira a Michigan a 1922. Matsalarsa biyu: in na jefa sai ya yi ta juyawa a iska yana murɗe siririn zaren bakin fatsa, in ya sauka kuma ya kwanta a gefe. Kifin kuwa ko kallonsa ba ya yi.

Da na ɗora shi a kan farar takarda na duba ta gaba, sai na ga fiffike ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa tsawo, dukansu kuma sun karkata baya. Don yin sababbin fikafikai, na zaɓo kawunan gashin wuyan kaza biyu masu faɗi ɗaya, na auna su daidai tsawon sandar ƙugiya mai lamba 14, na ɗaure su baya da idon ƙugiyar kaɗan. Sai na ɗaga su da yatsa, na tara zare a gindinsu ta gaba har suka miƙe cir. Rabuwarsu na yi da naɗin gicciye a tsakani, ba tare da matsewa sosai ba, domin matsi ne ke karkatar da su. A ganina nan ne aikin duka yake.

Gashin zakaran da ake naɗawa a wuya na rage shi zuwa ninki ɗaya da rabi na buɗin ƙugiya, na sa wutsiya mai tauri. Zaren bakin fatsa kuma na sauya daga mai lamba 6X zuwa 4X, wanda ya fi shi kauri. Yanzu yana sauka a tsaye, murɗiyar ta daina.